Fuskar da Aka Ara wa Madaki

Mahaifina ya zo Kuala Lumpur ne don a cire masa yanar ido, kuma ni na matsa masa ya zo. Mijina yana karatun digiri na uku a nan, muna zaune a wani ɗan gidan sama a Sri Petaling tare da 'yarmu Hanan. Na gaji da jin Baba a waya yana ce min "da sauƙi", alhali ƙannena sun tsegunta min har ya fara yi wa turken lantarki sallama. Da likita ya duba shi sai ya ce sukarinsa ya hau, ba za a taɓa idon ba sai ya sauka. Shi ke nan zama ya kama Malam Sha'aibu, mutumin da ya ƙare aikinsa yana hedimasta kuma bai taɓa iya zama wuri ɗaya ba. Aikinsa ya koma sauraron ruwan sama ta taga da tsokanar jikarsa.

"Amaryata, yau me kika dafa wa mijinki?"

"Kaka, I'm not your amarya lah," in ji Hanan, tana tura baki.

A nan aka haife ta. Ba ta taɓa taka garinmu Dutsen Bauna ba. Hausa tana ji sarai, amsawa ce sai da Turanci, in ta ga dama ta haɗa da Malayanci. Abin da ya fi ɗaure mata kai a jikin kakanta shi ne zanen fuskarsa, tsage uku a kowane gefen baki. Takan hau cinyarsa ta bi su da yatsa, ta tambaye shi ko kyanwa ce ta yakushe shi. Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce eh, wata babbar kyanwa ce.

Ni ba na dariya. A garinmu ana kiran wannan zane uku-uku, kuma ko yaron da bai iya tsarki ba ya san ma'anarsa. Zanen bayin gidan Madaki ne. Madaki Yahuza shi ne shugaban mayaƙan doki na garinmu a zamanin da, wanda ake ba mu labarinsa a makaranta cewa ya kare Dutsen Bauna daga abokan gaba. Abin da ba a faɗa a aji shi ne ƙauyukan da ya ƙone. A ɗaya daga cikinsu ya kamo wani yaro a bakin rafi, ya ɗaure shi a bayan doki, ya kawo shi gida, ya sa wanzami ya tsaga masa fuska, ya raɗa masa suna Nasamu. Wannan yaron shi ne kakan Baba. Ba mu san sunansa na gaskiya ba, ba mu san ƙauyensu ba, ko kabarinsa babu wanda zai nuna maka. An yi wa ɗansa zanen, an yi wa jikansa. A kanmu ne Baba ya kori wanzami da askarsa, amma hakan bai hana 'yan ajinmu kirana 'yar bayi ba duk ranar da na fi su cin jarrabawa.

Wata Juma'a mijina ya kai Baba Masjid Jamek, suka dawo da Ja'afar. Ja'afar ɗan kasuwa ne, ko in ce ɗan komai. Yana da wani ɗan shago a Jalan Masjid India inda yake tura wa mutanen gida abaya da turare da kayan asibiti, kuma ko giwa ka ce ya samo maka zai ce "boleh", wato zai yiwu da Malayanci. A Agege ya tashi, Hausarsa rabi ce da rabi. Ya zauna a falona ya cinye min shinkafa da wake, yana kallon Baba kamar ya ga rago a kasuwa ana gobe Sallah.

"Anti Lailatu, wallahi this is the face," ya ce. "Na yi ta nema, ashe yana gidanki."

Da ƙyar na fahimci zancen. Ƙungiyar ci gaban Dutsen Bauna ta yanke shawarar kafa mutum-mutumin tagulla na Madaki Yahuza bisa dokinsa a sabon shataletalen gari. Malamai sun yi gunaguni cewa gunki ne, maƙeran gida sun noƙe, sai shugaban ƙungiyar, Alhaji Abdulmajid, wanda tattaɓa-kunnen Madakin ne, ya ba Ja'afar aikin ya sa a yi zubin a nan a turo ta jirgin ruwa. Ja'afar ya samo wani Basine, wato ɗan ƙasar Sin, mai gidan zubi a can bayan Cheras, ana ce masa Mista Tan. An gama siffar doki, an gama sulke da mashi. Fuska ce ta gagara, don Madaki bai bar hoto ba. Alhaji ya ce a samo dattijo Bahaushe dogo mai kwarjini a kwaikwaya. Mista Tan ya gwada daga kansa, abin ya fito kamar wani sarkin Sin da ya sha rana.

"Ka san ko daga wane gari muka fito?" na tambaye shi.

"Shi ne ma sweet part ɗin, Anti. Same town! Allah ne ya haɗa."

Na dubi Baba ina jiran ya sallame shi cikin mutunci. Sai na ji ya ce, "Yaushe za a fara?"

Bayan Ja'afar ya tafi na rufe ƙofar kicin na sauke masa abin da ke cikina. Ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba sai ranar. Na ce mutumin da ya ɗaure kakanka a bayan doki, shi za ka ara wa fuska? Na ce shekara nawa kana koyar da 'ya'yan gidan nan karatu, amma har yau in ka je gaisuwa a ƙasa kake zama, gefen tabarma ma ba a ba ka? Alhaji Abdulmajid da ka koya wa a-ba-ca-da, gatsau yake kiran sunanka, ko Malam ba ya sawa.

Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Lailatu, yaron nan Ja'afar bai san zane ba. Ni na sani."

Ya ci gaba da magana.

"Kakana bai bar gona ba, bai bar suna ba. Wannan kaɗai ya bar mana." Ya shafa gefen bakinsa. "To a ɗora shi a tsakiyar gari, a saman doki, inda duk mai wucewa sai ya ɗaga kai ya dube shi. In amaryata ta je gida wata rana, a ce mata 'yar wane gida ce, sai ta nuna da hannu."

A nan na gane ba ruɗin tsufa ba ne. Tsoho ya san abin da yake yi, kuma ya ɗora ransa a kai gaba ɗaya. Tsoro ya kama ni, don na san mutanen garinmu fiye da yadda nake so in san su.

Ni nake raka shi gidan zubin. Mu hau jirgin ƙasa, mu sauka, mu shiga mota har wata unguwar masana'antu inda komai warin ƙarfe da man inji yake. Gidan zubin wata babbar rumfar kwano ce, zafi kamar a cikin tanda. A kusurwa akwai zakunan tagulla irin na ƙofar gidan bautar Sinawa, da kifaye, da wani ƙaton hannu da ban san na waye ba. Mista Tan ɗan siririn mutum ne mara yawan magana. Ya ɗora bargo a kan wata ganga ya ce Baba ya hau kamar sirdi, Ja'afar ya naɗa masa rawani da wani yadin labule. Na ce a raina, ga Madaki a kan gangar mai. Amma da Baba ya miƙe bayansa ya ɗaga haɓa, wallahi sai da dariyar ta maƙale min.

Ana cikin aikin yumɓu, wata rana Mista Tan ya tsaya, ya nuna gefen bakin Baba da ɗan ƙarfen da yake sassaƙa da shi, ya tambaya da Turanci ko a sa wannan ko a bari.

"Yadda ka gani," in ji Baba. "Kada ka rage komai."

Ja'afar ya ce, "Sa shi, Uncle, sa shi. Tribal mark, very original."

Da aka gama kan na yumɓu, Baba bai iya ganinsa sosai ba, sai ya nemi izini ya taɓa. Ya bi goshin da yatsunsa, ya bi hancin, ya sauko gefen baki ya tsaya. Ya daɗe a wurin. A hanyar komawa har shayi ya ce in saya masa a shagon mamak, wato na Indiyawa Musulmi, mara sukari, yana sha yana yi wa mai shagon Hausa kamar tare suka tashi.

Ja'afar yana tura wa Alhaji hotuna ta waya, amma daga nesa yake ɗauka don doki ya fito, kuma Alhaji dokin ne ya dame shi. Sau biyu yana sa a ƙara wa wutsiya tsawo. Fuska kuwa cewa ya yi ta yi kyau, akwai kwarjini.

Sukari ya sauka, aka yi aikin ido, aka dace. Likita ya ba Baba baƙin tabarau, ya kafa masa doka: kada ƙura ta shiga idon, kada ya sunkuya, ko salla ma a zaune zai yi ta na wani lokaci. Cikin kwanakin nan ne aka yi zubin tagullar, Alhaji kuma ya sauka a Kuala Lumpur don ya gani da idonsa kafin a rufe akwati, saboda an riga an sa ranar buɗewa a gida kuma jirgin ruwa ba ya jiran kowa. Na so in hana Baba zuwa. Na kawo zancen ƙura, na kawo zancen zafi. Ya ce in ciro masa farar rigarsa in goge, kuma a tafi da Hanan.

Mun riga Alhaji isa. Dokin yana tsaye a tsakiyar rumfar ya ɗaga ƙafafun gaba, ya fi ɗakina tsawo. Mahayin yana bisansa da sulke da mashi, amma babu kai a wuyansa, don ba a haɗa ba tukuna. Kan yana ajiye a kan wani teburin katako, daidai tsawon mutum. Baba ya cire tabarau ya matsa. Rabonsa da ganin fuskarsa tar tun kafin a haifi Hanan.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Ashe haka na tsufa."

Hanan ta dubi kan, ta dubi kakanta, ta yi tsalle. "Kaka, it's you! Har da scratch ɗin kyanwa!"

Yana cikin dariya motar otal ta tsaya. Alhaji Abdulmajid ya shigo cikin shadda mai maiƙo yana share gumi, Ja'afar yana gaba yana zuba kamar rediyo. Da ya ga Baba sai ya ja ya tsaya.

"A'a, Sha'aibu? Kai ne a nan?"

"Ranka ya daɗe, barka da sauka." Baba ya faɗa yana tsaye.

Na ga idon Alhaji ya sauka kan gwiwoyin Baba yana jiran su lanƙwashe. Na yi sauri na ce likita ne ya hana shi sunkuyawa. Har yau ina jin haushin kaina da na yi wannan bayanin, kamar bashi muka ci. Alhaji ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya wuce wurin dokinsa. Ya zagaya shi, ya yaba wutsiya, ya yaba likkafa. Sannan Ja'afar ya jawo shi wurin tebur yana cewa ga babban surprise.

Alhaji ya dubi kan. Ya dubi Baba. Ya sake duban kan, na ga fuskarsa tana sauyawa a hankali.

"Ja'afar, mene ne wannan?"

"Fuskar Madaki, Alhaji. Baba ne ya yi mana model, same town—"

"Wannan nake tambayarka." Ya ɗora yatsa a kan zanen. "Ka san mene ne wannan? Uku-uku a fuskar Madaki Yahuza? So kake a yi mana dariya har jikokinmu? So kake a ce kakana bawa ne?"

Ja'afar ya buɗe baki ya kasa rufewa. A ranar ya fara jin kalmar. Ya juyo yana kallona kamar ni zan cece shi, na kau da kai.

Alhaji ya ce a fasa kan a sake wani. Mista Tan, da Ja'afar ya fassara masa, ya girgiza kai ya ce sake zubi zai ɗauki makonni, jirgi zai tafi ya bar su. Alhaji ya yi tsaki, ya ja baya ya ƙare wa kan kallo, ya karkata hagu ya karkata dama kamar mai zaɓen hula.

"Fuskar dai ba laifi," ya ce. "A goge zanen kawai. Zai yiwu?"

Mista Tan ya ce boleh, aikin ɗan lokaci ne. Amma ya dubi Baba tukuna, don shi ya san wanda ya ce kada a rage komai.

Ban san lokacin da na shiga tsakani ba. Na ce, "Alhaji, fuskar mahaifina ce. In ba ku son ta, ku bar ta gaba ɗaya. Ba za ku ɗauki wanda kuke so ku yar da sauran ba."

Ya dube ni kamar yanzu ya lura akwai mace a wurin. "Ke ce 'yar Sha'aibu da aka ce tana nan? Yarinya, ai alheri muke yi masa. Wa ya taɓa zaton fuskarsa za ta hau dokin Madaki? Kuma zanen nan ai namu ne, gidanmu ne ya yi shi. In mun ga dama mu cire." Ya juya. "Ko ba haka ba, Sha'aibu?"

Duk muka zuba wa Baba ido. Na roƙi Allah a zuciyata ya yi magana, ya yi irin tsawar da yake wa ɗalibai a filin makaranta. Bai yi ba. Ya ce, "Kaya naku ne, ranka ya daɗe."

Na kama hannunsa na ce mu tafi, ƙura za ta tashi, likita ya hana. Ya zare hannunsa. Ko tabarau bai mayar ba. Ya tsaya a wurin da sabon idon da na ja shi tun daga Najeriya don a gyara masa, ya kalli Mista Tan ya kunna injin gurza ya kafa shi a gefen bakin nan. Ƙarar ta cika rumfar. Hanan ta toshe kunnuwa ta ɓoye a bayana. Tsage na farko ya tafi, na biyu ya bi shi, garin tagulla yana zuba a kan tebur da ƙasa kamar gero a bakin turmi. Aka juya kan aka yi ɗaya gefen. Mista Tan ya bi da wani abu ya goge, ya shafa magani har launin ya daidaita. Kumatu suka fito sumul, ka rantse haka aka zuba su.

"Yauwa," in ji Alhaji. "Yanzu na ga Madaki."

Hanan ta leƙo. "Mama, that's not Kaka anymore."

Sai na ga Baba ya tattare rigarsa, ya nufi inda Alhaji yake tsaye kusa da tebur, ya durƙusa har ƙasa. Alhaji ya saki fuska, ya ɗaga hannu yana cewa, "A'a, Sha'aibu, tashi, tashi, ai ba komai, ya wuce."

Baba bai ko dube shi ba. Ya ciro hankicinsa daga aljihu ya shimfiɗa a ƙasa, ya shiga tara garin tagullar da gefen tafinsa yana zubawa a ciki. Ya bi ƙarƙashin tebur, ya bi gefen takalmin Alhaji, har sai da Alhaji ya janye ƙafa. Mista Tan ya ɗauko wani ɗan buroshi ya sharo na kan teburin ya zuba masa.

"Me kake yi haka?" in ji Alhaji.

"Namu nake kwashewa, ranka ya daɗe," Baba ya ce yana ƙulle bakin hankicin. "Sauran ku tafi da shi."

Ya dafa tebur ya miƙe da kansa, ya ƙi hannuna. Ya kama hannun Hanan suka fita, bai yi wa kowa sallama ba. A jirgin ƙasa idon ya kaɗa ya yi ja yana ta zubar da ruwa, na ce ƙura ce, shi ma ya ce ƙura ce. Likita ya yi mana faɗa sosai washegari, amma idon bai lalace ba. Yana gani garau har yau, kuma ban san ko in yi murna da hakan ba.

Ranar da zai koma gida ya ba Hanan ƙullin, ya ce ta ajiye, in ta girma uwarta za ta gaya mata wace irin kyanwa ce. Yana cikin akwatina. Ban gaya mata ba tukuna, don duk lokacin da na fara shirya maganar sai in fasa.

An kafa Madaki a shataletale, an yi biki, ƙannena sun turo min hotuna. Ga goshin Baba, ga hancinsa, ga yadda yake ɗaga haɓa in ɗalibi ya yi masa ƙarya. A ƙasa an rubuta sunan Madaki Yahuza da na Alhaji Abdulmajid. An ce mutane suna ta mamakin yadda Basine ya iya fito da kamannin gidan, har wata gwaggon Alhaji ta yi kuka ta ce hancin nan nasu ne sak. Gidanmu yana gabas da shataletalen, kasuwa da masallacin Juma'a suna yamma. Ƙanina ya ce yanzu duk inda Baba zai je, ta bayan makaranta yake zagayawa.